Sunan da Ke Bakin Rijiya

Litinin, 16 ga Yuni, bayan La'asar

Takarda ta zo yau. Mannir ne ya kawo ta da kansa, ɗan marigayi Alhaji Siddiq mai gidan nan da muke haya. Yaron da ni na koya masa baƙi da wasali a aji ɗaya, yana kuka da majina idan aka ƙwace masa fensir. Yau ya tsaya mini a zaure da baƙin tabarau, ya miƙo ambulan, ya ce, "Malama, ga wannan." Ko ya mai jiki bai ce ba.

An raba gado, gidan ya faɗo hannunsa. Haya ta tashi daga dubu ɗari da hamsin zuwa dubu ɗari biyar a shekara. Mu biya cikin wata uku, ko mu tashi. Dalili kuma, wai saboda gyare-gyaren da aka yi wa gidan: rijiya, ɗakin bulo, daɓen siminti, banɗaki.

Sai da na karanta wurin nan sau uku. "Aka yi." Wa ya yi? Shekara ashirin da biyu da muka shigo, ɗaki biyu ne na ƙasa da turken awaki. Babu bulo ɗaya a gidan nan da bai bi ta hannun maigidana Malam ba.

Ban karanta masa ba. Na sa ta ƙarƙashin littattafan 'yan aji shida. Ya sha kunu, rabin kofi.

Talata, 17 ga Yuni, da hantsi

Na rubuta kwanan wata a allo sau biyu, yara suna ta dariya.

Alhamis, 19 ga Yuni, da yamma

Nafisa ta zo daga Kambarawa. Autata ce, amma tun da ta yi aure take mini magana kamar ita ta haife ni.

"Mama, don Allah ku dawo wurinmu. Ga ɗaki nan babu kowa. Baban su Fadila ma shi ya hwara hwaɗi."

Na ce Allah ya yi musu albarka. Na ce ta dubi ubanta da kyau, ta gaya mini ko ya yi kama da mutumin da zai kwana gidan suruki. Mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba.

Abin da ban gaya mata ba shi ne taku goma sha ɗaya. Daga ƙofar ɗaki zuwa inuwar bangon gabas taku goma sha ɗaya ne. Yana yin su yanzu shi kaɗai, hannun hagu a jikin bango. Ya san inda bangon ya yi tudu da inda ya lotsa, don shi ya shafe shi. A gidan wani, ɗaukarsa za a riƙa yi kamar kayan wanki. Ba zan yarda ba.

Ta tafi tana kumbure-kumbure. Ta bar mana madara da sabulu.

Asabar, 21 ga Yuni, bayan Azahar

Na je Ƙofar Durbi wurin Gwaggo Indo, ƙanwar marigayi. A hannunta muke ba da kuɗin haya tun farko. Mun gaisa, mun gaisa, mun ƙara gaisawa. Ta tambayi mai jiki, ta tambayi yara, ta tambayi makaranta, har ruwan shekaranjiya ta tambaya ko ya yi mana ɓarna. Sai da fura ta ƙare na fito da maganar.

Ta murza carbi.

"Saudatu, ni mi zan ce? An raba, an ba shi. Yaran yanzu ba su jin ta kowa. Ki yi haƙuri, ki roƙe shi, ko ya rage maki wani abu."

Na ce, "Gwaggo, in roƙe shi ya rage mani kuɗin rijiyar da muka haƙa?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ɗan wana ne."

Na gane. Na yi mata sai an jima. A napep na ciji leɓe har gida, don kada direba ya ga abin da bai shafe shi ba.

Malam bai sha kunu ba yau. Ya kawar da kai.

Talata, 24 ga Yuni, lokacin tara

Malama Ramla mai koyar da lissafi ta ce akwai kotun haya, can ƙanenta ya kai mai shagonsa. Ta ce ba sai da lauya ba, mutum na iya tsayawa da bakinsa. Na ce in dai baki ne, Allah ya hore.

Laraba, 25 ga Yuni, bayan La'asar

Na shigar da ƙara. Ni Saudatu, da ko ofishin 'yan sanda ban taɓa leƙawa ba.

Akawun kotun matashi ne mai fara'a. Ya ce in kawo takardar yarjejeniya. Na ce babu. Ya ce to rasit. Na ce babu. Ya ajiye biro.

"Shekara ashirin da biyu, Malama? Kuma kina malamar makaranta?"

Na ce masa, ɗana, a ƙofar masallaci aka yi maganar, bayan sallar La'asar, aka shafa Fatiha. Alhaji ya ce wa Malam, gida naka ne, gyara yadda kake so, ba zan ƙara maka don ka gyara ba. Wa zai dubi tsabar idon Alhaji Siddiq ya ce ba ni rasit? Ai zagi ne. Da an ji, da sai an yi da mu a unguwa.

Ya girgiza kai, ya ce haka kowa ke zuwa yana faɗa musu. Sannan ya tambayi sunan wanda ya karɓi hayar. Na ce maigidana. Ya ce sunansa. Na ce Malam. Ya ce sunansa na yanka. Sai na zaro katinsa daga jaka na tura masa kan tebur. Ya duba katin, ya dube ni, ya yi murmushi.

"Irin su Innarmu ce ke ashe."

Na ce ƙwarai kuwa. Shekara talatin da ɗaya da aure, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko ɗalibi mai irin sunan aka kawo mini aji, Mai Sunan Malam nake ce masa har ya gama. Haka na ga uwata ta yi, kuma ban ga abin da ya rage ta da shi ba.

An sa ranar takwas ga wata mai kamawa.

Juma'a, 27 ga Yuni, da yamma

An kai wa Mannir sammaci. Unguwarmu Ƙofar Guga kaf ta ji kafin a sauko daga masallaci.

Talata, 1 ga Yuli, bayan Magariba

A gidan suna yau, ina shiga aka yi tsit. Sadiya matar mai nama ce ta kasa haƙuri.

"Malama, wai da gaske kin kai ɗan Alhaji kotu? Bayan duk mutuncin da ke tsakani?"

Na ce mutuncin nan nake nema a dawo mini da shi. Na ci tuwona, na ba da abin da na zo da shi, na fito da kaina a sama. Na dawo gida, na shigo zaure. Na zauna kan dakali na ɗan jima.

Ina jin tsoro. A nan kaɗai zan faɗa. In aka ce mu tashi, ban san yadda zan gaya wa Malam ba.

Ya sha kunu. Yana ta bina da ido, ina ta yi masa hirar yaran makaranta.

Talata, 8 ga Yuli, bayan La'asar

An zauna. Na sa atamfata ta Sallah da farin mayafi. Nafisa ta zauna da ubanta, na ce masa taron malamai za ni.

Ɗakin bai kai ajinmu girma ba. Alƙalin dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Mannir ya zo da lauya, wani dogo mai yawan gyara kwat. Sun kawo hotunan gidana. Tsakar gidana, da igiyar shanyata, da turmina a gefe, ana miƙa su hannu zuwa hannu. Ashe ranar da Mannir ya aiko wai a duba rufi, abin da aka zo yi ke nan.

Lauyan ya ce marigayi ne ya kashe kuɗinsa ya mayar da kango gida, don haka dole haya ta bi darajar gida. Ya ce 'yan haya sun daɗe suna cin bulus.

Da aka ba ni dama na tashi, na yi magana yadda nake yi a gaban aji, dalla-dalla. Na ce ban ƙi ƙari ba, kowa ya san yadda kaya suka yi tsada, Mannir ma yana da iyali. Abin da na ƙi shi ne a sayar mana da guminmu. Na faɗi shekarar da aka haƙa rijiya, da yadda na sayar da awakina biyu aka sayi siminti. Na faɗi yadda aka yi ɗakin bulo a shekara uku, layi-layi, duk ranar Juma'a in ya dawo daga aikin mutane. Ban yi in'ina ba ko sau ɗaya. Na ga akawun nan yana gyaɗa kai.

Sai alƙali ya ce, "Malama, maganarki ta tsaru. Amma kotu da shaida take aiki. Shi maigidan naki, me ya hana shi zuwa?"

Na ce ba ya jin daɗi.

Ya ce za a iya ɗaga zama har ya ji sauƙi.

Na tsaya. Tun azumi ban faɗi abin nan da bakina ba, ko ga 'yan uwana. Ciwo nake cewa, ko jiki. Yau na faɗa a gaban baƙi. Na ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma maganarsa ta tafi.

Mannir ya sunkuyar da kai. Alƙali ya yi masa addu'a, ya ba ni kwana tara in kawo shaida.

Laraba, 9 ga Yuli, da asuba

Alhaji ya rasu. Liman da ya shafa Fatihar ya rasu. Gwaggo kuwa, Mannir ɗan wanta ne. Wa ya rage?

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan an sauko

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Ina tsince shinkafa, sai na ji ƙwas, ƙwas. Na ɗaga kai. Malam ya wuce inuwarsa. Ya saki bango. Yana tsakiyar gida da sanda, inda babu abin dafawa, yana jan ƙafa zuwa rijiya. Na watsar da tire na ruga. Ya ture ni da gwiwar hannu. Wallahi ture ni ya yi.

Ya isa. Ya tsaya yana haki, ya sa bakin sanda yana kankare gefen rijiyar, wajen da gansakuka ta yi kore, inda muke ajiye guga. Yana kankarewa yana dubana. Na durƙusa na sa farce.

Rubutunsa ne, kuma sunansa ne. Ajami, da ƙusa, da shekarar a ƙasa: 2006.

Na san da shi mana. A gabana ya yi shi, ina riƙe da Nafisa. Duk aikin da ya gama, kafin siminti ya sha iska, sai ya ɗauki ƙusa ya rubuta. Kuma ƙa'idarsa ɗaya ce, wadda ya gada wurin maigidansa da ya koya masa gini: sunan wanda ya biya ake sawa, ba na magini ba. Ya sha faɗa mini cewa magini da ke sa sunansa a aikin da aka biya shi ɓarawon suna ne. Shekara da shekaru ina taka rubutun nan, ina zuba masa ruwan wanki, ban taɓa kallonsa a matsayin komai ba.

Daga nan ya juya sandar ya nuna ɗaki, ya nuna inda littattafan 'yan aji shida suke. Ya dube ni, irin kallon da yake wa lebura in ya ɓoye masa cewa kwaɓi ya yi ruwa.

Ashe ya sani. Tun ranar farko ya sani. Bakinsa ne ya tafi, ni kuma na bi na ɗauke masa har da kunne da hankali. Ina ta yi masa hirar yara kamar wani jariri, shi kuwa yana zaune da shaidar da nake yawon nema a gari.

Na ce, "Malam, ka yafe mani." Ya buga sandar a ƙasa sau ɗaya. Na ɗauko takardar na karanta masa tun daga sama har ƙasa. Da na zo wurin "aka yi", ya yi wani sauti a maƙogwaro. Dariya ce. Na san dariyarsa ko ta wace hanya ta fito.

Asabar, 12 ga Yuli, da hantsi

Ni da Nafisa da burushi da omo. Shi yana kan kujera yana nuni da sanda, mu muna bi. Bakin rijiya. Dokin ƙofar ɗakin bulo, 2011. Kusurwar daɓe, ƙarƙashin randa, 2015. Bayan ƙofar banɗaki. Duk suna ɗaya.

Sannan ya sa muka kai shi zaure. Matakalar waje, wadda ya yi wa Alhaji aikin kuɗi tun kafin mu shigo. Hannu ɗaya, ƙusa ɗaya, amma a nan an rubuta Alhaji Siddiq, 2002.

Nafisa ta rungume shi tana kuka. Ni ban yi ba, ina da wanki.

Ya shanye kunu, ya miƙo kofi a ƙara.

Litinin, 14 ga Yuli, da yamma

Na kai wa akawu bayani. Ba a ɗauke rijiya a kai ta kotu, don haka kotu za ta zo ta gani da idonta ranar Alhamis.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan La'asar

Tun da safe na yi masa wanka, na sa masa farar shaddarsa da hular da ya je ɗaurin auren Nafisa da ita. Na ajiye kujerarsa a inuwa, inda zai ga kowa.

Ƙarfe goma sai ga sallama. Gwaggo Indo ce, da ƙullin goro, wai ta zo duba mai jiki. Wata huɗu yana kwance, sai yau ta ga hanya. Na shimfiɗa mata tabarma, ta zauna.

Sha ɗaya suka iso: alƙali, akawu, Mannir da lauyansa. Matan maƙwabta kuwa duk wadda ke da abin aro yau ta tuna da shi. Sadiya ma rariya ta zo nema.

Alƙali ya fara zuwa wurin Malam, ya rage tsawo ya gaishe shi, ya ba shi hannu. Malam ya ba shi na hagu. Sannan na kai su matakalar zaure, na bayyana ƙa'idar. Alƙali ya sa tabarau ya karanta sunan Alhaji. Muka dawo bakin rijiya.

Ya ce, "To Malama, don a rubuta. Wannan aikin, wa kika ce ya yi shi da kuɗinsa?"

Na ce, "Malam."

Lauyan ya gyara kwat. "Ranka ya daɗe, wane Malam? Garin nan kowa Malam ne. Ni ma Malam ake ce mini."

Aka ɗan yi dariya. Alƙali bai yi ba. Ya gane, ɗan gari ne. Ya ce a hankali, "Ba komai, ɗiyarta na iya faɗa, ko a duba takarda."

Nafisa ta buɗe baki. Na ɗaga mata hannu.

Na dubi rijiyar. Gaba goma sha biyu, shi ya shiga ya fito da ƙasarta kwando-kwando. Na dubi mutumin da ya yi ta, yana zaune cikin farar shadda, ba ya iya faɗin ko sunan kansa. Wani yaro mai kwat yana tambayar wane ne shi, a tsakar gidan da ya daɓe da gwiwoyinsa.

Na juya na fuskanci lauyan. Na ce, "Babaji. Babaji Magini, mijina. Shi ya haƙa, shi ya ɗaure, shi ya biya. Rubuta da kyau."

Sai Gwaggo ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Ta hwaɗa!"

Ban dubi kowa ba sai shi. Rabin fuskarsa da ke motsi yana murmushi, hawaye na bin ɗaya rabin. Ya ɗaga sanda ya buga ƙasa sau biyu.

Alƙali ya durƙusa da kansa, babbar riga da komai, ya bi rubutun da yatsa. Ya ce haka aka rubuta. Ya bi sauran ukun. Da ya gama ya tambaya ko akwai wanda ya san wannan ƙa'ida ta magini ban da iyalinsa.

Gwaggo ta gyara zama.

"Ni dubiya na zo. Amma tunda an tambaya, ba ni yin ƙarya da hurhurata. Gidanmu na Ƙohwar Durbi shi ya gina mamu soro, sunan Yaya ya sa. Nan kuwa ko buhu ɗaya Yaya bai saya ba. Da bakinshi ya ce mani, Indo, Babaji ya maishe da kangon nan gida, kada a taɓa matsa mashi." Ta juya ga Mannir. "Kai kuma cire wannan baƙin abu daga idonka, ka je ka gaida mutum."

Ya cire. Ya je ya durƙusa. Ban ji abin da ya ce ba, kuma ban tambaya ba.

Juma'a, 18 ga Yuli, da safe

Wai a unguwa an daina zancen na kai ɗan Alhaji kotu. Yanzu zancen na faɗi sunan miji a gaban maza ake yi. Su yi ta yi. Da za a sake tambayata, da ƙarfi zan ƙara faɗa.

Na kai masa kunu, na kasa haɗa ido da shi. Ni da jikoki uku.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan Azahar

An yanke. Ba a ƙara wa ɗan haya kuɗi a kan abin da ya gina da hannunsa. An yi ƙari daidai da zamani, haya ta koma dubu ɗari biyu, kuma na ce na yarda tun kafin a rufe baki. An soke maganar tashi. An rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu.

A bakin ƙofa Mannir ya ce, "Malama, a yi haƙuri. Ban san haka abin yake ba." Na ce da ka tambaya. Na ce kuma daga yau duk shekara rasit, ba don ban yarda da kai ba, don 'ya'yanka da nawa. Ya ce to, Malama. Muryar nan ta aji ɗaya.

Lahadi, 27 ga Yuli, da hantsi

Ruwan jiya ya fasa daɓen da ke ƙofar ɗaki, daidai inda yake sa ƙafarsa ta farko. Na sayo siminti mudu uku da yashi. Na ce zan kira wani ya gyara, ya buga sanda. Ya nuna ni.

Na fito da cokalinsa na gini daga buhu. Ni ce lebura, ni ce magini, shi yana kan kujera yana duba aiki. Sau biyu yana sa ni sake kwaɓi. Na shafe, ya girgiza kai, na sake. Bayana kamar zai balle. A karo na uku ya gyaɗa kai.

Sai ya miƙo hannu. Na gane, na nemo ƙusa. Na riƙe shi ta kafaɗa ya sunkuya. Da hagu ya yi, a hankali, harafi na hawa kan harafi, ya fi minti goma. Na ɗauka nasa zai sa.

Saudatu, 2025.

Na kifa kwando a kai kada kaji su taka kafin ya bushe.